Agogon Mai Haƙar Rijiya

Ku da wayoyinku ke saita kansu, in kuka gan ni da tsinke ina danna agogo sai ku yi dariya, ku ce wannan ai ba sana'a ba ce, latse-latse ne. Ban ƙi ba. Amma tunda yau ba ciniki, ku gyara zama kan bencin nan in gaya maku yadda latse-latsen yake.

Ni da agogon wani na fara, wato irin wanda ake murɗa wa kai kowace safiya. Wanda ya koya mani wani Kirista ne mutumin Filato, Oga Bulus, teburinsa na bakin tasha a nan Dutsin-Ma. Shekara guda cur bai bar ni na buɗe agogon kowa ba. Mataccen agogo ya ba ni, ya ce in wargaza shi kan farin faranti in mayar, in sake wargazawa in mayar. Kayan aikin ba su da yawa: hantsaki, 'yan sukundireba guda shida, gilashin da ake maƙalawa a ido, buroshi, fetur a murfin kwalba, da mai wanda ake ɗiba da bakin allura. Abin da ya fi kayan wuya shi ne numfashi. In ka ɗauko ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba, ka yi numfashi, ta tafi. Sai ka durƙusa da mayen ƙarfe kana sharar ƙasa, Oga na kallonka. Kowace safiya kuma, kafin a karɓi aikin kowa, sai an kunna rediyo an daidaita agogon teburi da shi. Wannan har yau ban daina ba.

Agogon lamba na farko da na gani, wani Alhaji ne ya zo da shi daga Makka. Fuskarsa baƙa wuluk, sai ka danna sannan jajayen lambobi su fito kamar garwashi, su ɓace. Lokacin can ƙasar yake nunawa, awa biyu gaba da mu. Oga ya buɗe bayansa, ya maƙala gilashi, ya daɗe yana dubawa. Ba abin da ke juyawa a ciki. Ya kara a kunne, shiru. Ya rufe ya miƙa wa mai shi, ya ce, "Alhaji, wannan ba irin namu ba ne." Bai sake taɓa irinsa ba har ya tattara ya koma garinsu ya bar mani teburin.

Ni ban da garin da zan koma, don haka na sayi ɗaya na zauna da shi kwana da kwanaki ina dannawa. Daga baya masu fuska toka-toka suka cika gari, waɗanda lambarsu ba ta ɓacewa. Malaman makaranta, direbobi, 'yan tireda, kowa da nasa. Takardar bayanin da ke zuwa da su rubutun ƙanana ne, na Turanci da wasu harsuna, ita ake fara yarwa. Yawancinsu maɓalli uku ne a waje, da na huɗu wanda ya nutse cikin jikin agogon, yatsa ba ya kai mashi, sai ka fiƙe tsinken ashana. Ka danna shi ka riƙe, daƙiƙa ta fara ƙyaftawa. Ka wuce awa, ka wuce minti, sannan wata, sannan kwanan wata, sannan rana. Kowanne gidansa daban. In ka gyara kwanan wata ka mance rana, agogon ba zai gyara maka ba.

Akwai wani mai sayar da yadi da ya kawo mani nasa a nannaɗe cikin takarda, ya ƙi ɗaurawa. Ya ce yana zaune a rumfa ranar Alhamis da tsakar rana, idonsa na kan agogon, ya ga ta koma Juma'a. Har ya kai shi an yi mashi tofi. Na duba, ashe wanda ya saita mashi ya sa dare a gurbin rana. Akwai wani ɗan harafi a gefe mai nuna safe ne ko yamma, in ba ka san da shi ba ba za ka gan shi ba. Na zagaya da awa sau goma sha biyu, magana ta ƙare. Irin waɗannan na gani ba iyaka, kuma duk abin da aka kawo mani ana cewa aljanu ne, na samu dalilinsa da tsinke. Sai guda ɗaya.

Duk ranar kasuwar Kurfi nakan ɗaura akwatina a bayan mota in je in kafa tebur. A can na san Malam Iro, mai haƙar rijiya, mutumin wata unguwa bayan Birchi. Gajere ne, kafaɗunsa kamar turmi, ba ya yawan magana. Ya zo da agogon roba baƙi, sabo, ya ajiye gabana.

"Mai agogo, an ce wanga shina kuka in an sa shi."

"Yana yi."

"To ka sa mani shi azahar. Can ƙasa ba a ganin rana, ba a jin ladan. Sai in ɗago kai in iske la'asar ta yi."

Na sa mashi ƙarfe biyu. Na nuna mashi 'yar alamar ƙararrawa da ke fitowa a kusurwa, na ce muddin tana nan zai yi kuka. Ranakun kuma da haruffan Turanci aka rubuta su a jere, shi ko bai yi boko ba. Sai na ce ya bar haruffan, ya dubi ɗan layin da ke tafiya ƙarƙashinsu, ya ƙirga daga hagu: Lahadi, Litinin, har Asabar. Nan take ya kama. Amma saiti bai taɓa yarda ya koya ba. Yatsunsa sun yi kanta, ya ce in ya danna ɗaya biyu ke dannuwa. Wata-wata yakan biyo in daidaita mashi da nawa, mu gaisa, ya wuce.

Sai shekarar nan ta zo da damina ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Ba abinci kaɗai ya yi wuya ba. Kayan waje suka daina shigowa, batirin agogo ya ɓace. Na je Katsina, na je Kano, sai in dawo da biyu ko uku, su ma wani lokaci sun kwana biyu. Muka koma dabaru. Ka shanya tsohon batir a rana, ka goga shi a riga, ka kankare bakinsa, ya yi mako guda ya mutu. Akwatina ya cika da agogon mutane masu fuska fayau, ba lamba ko ɗaya. Wasu masu su sun tafi cirani ba su dawo sun karɓa ba. Waɗanda suka ajiye agogon murɗawa a ƙasan adaka suka fiddo su, da su na ci abinci a shekarar.

Masu haƙar rijiya kuwa aiki ya yi masu yawa, don rijiyoyi sun ƙafe, kowane gari na son a ƙara zurfi. Iro ya zo mani wata kasuwa, lambobin agogonsa sun dusashe, sai ka karkata shi kake gani.

Na ce, "Malam Iro, batirinka ya kusa, kuma ba ni da irinsa. Kukan nan shi ke cinye shi. In na kashe, ka ƙara wata guda kana ganin lokaci. In na bari, ba zai kai kasuwa ta gaba ba."

Ya ce, "Kashe. Na sa a riƙa girgiza mani igiya."

Na kashe a gabansa. Alamar ƙararrawa ta ɓace, mu biyu muna kallo.

Ranar Talata ce, wajen sha biyu, ina nan teburina na Dutsin-Ma, sai ga babur ya tsaya har yana neman ture mani akwati. Wanda aka goyo ya sauko, jikinsa duk jar ƙasa. Ya ce shi Sale ne, ƙanen Iro, tare suke aiki.

"Rijiya ta rufta da Yaya tun da hantsi. Kai ka sa mashi agogo. Ƙarfe nawa yake kuka?"

Na rufe akwati na ba maƙwabcina ajiya, muka matsu mu uku kan babur. A hanya yake gaya mani. Tsohuwar rijiya ce, gaba goma sha huɗu. Ƙasanta ya yi kogo ta kowane gefe, kamar cikin tulu. Iro na ƙasa sai bango ya saki daga tsakiya, yashi ya sauko ya toshe. Sun kwashe abin da za su iya, amma bangon bai daina zuba ba, ya kusa binne mutum na biyu. Kuma ba su san gefen da yake ba. In yana cikin kogo da rai, suka haƙa ta inda bai dace ba, su za su tura mashi sauran. Mai unguwa da dattawa sun fara maganar kada a ƙara asarar rai, a cike ramin a yi mashi salla daga sama. Sale ne ya roƙe su su jira agogo ya yi kuka.

Na bari sai da muka sauka daga kwalta, mai babur ya tsaya duba taya, na ja Sale gefe.

"Sale, kukan nan na kashe shi tun kasuwar da ta wuce. Shi ma ya sani."

Ya dube ni. Ya ce, "Wa ka gaya wa?"

"Kai kaɗai."

"To bar shi nan. In an tambaye ka ƙarfe nawa ka sa, ka faɗi ƙarfen da ka sa. Ba ƙarya ka yi ba. Ni awa guda nike nema."

Mun isa biyu saura kwata. Duk unguwar na bakin rijiya, mata can nesa gindin wata tsamiya. Mai unguwa ya tambaye ni, na ce ƙarfe biyu na sa. Ya ce daga sama ba za a ji ba, sai mutum ya sauka, kuma wanda ya san kukan, kada a ji gyare a ce agogo ne. Duk suka juyo suna kallona. Ban taɓa shiga rijiya ba. Suka ɗaura mani igiya a ƙugu, na zauna kan wani guntun itace, aka zura ni. Sale ya biyo baya da tasa igiyar.

Wajen gaba goma muka taka yashi. Wurin da sanyi, da warin laka. In ka ɗaga kai, sama ba ta fi faifai ba, kawunan mutane sun kewaye ta. Yashi na gangarowa daga bango sur-sur, yana shiga mani wuyan riga. Sale ya kafa dagi cikin yashin a hankali, ya ce in kara kunne a ƙarfen. A hannuna akwai agogona na wani, wanda na daidaita da rediyo da safe. Aka yi tsawa a sama kowa ya yi shiru, har awaki aka kora.

Na san ba abin da zan ji. Ina kallon allurar agogona ne kawai, ina tunanin abin da zan ce in an jawo ni. Doguwar ta hau kan sha biyu.

Tit-tit. Tit-tit. Tit-tit.

Ba ta cikin dagin ya fito ba. Ta bayana ya fito, ƙasa-ƙasa, gefen gabas. Kuma ba irin kukan batir mai mutuwa ba ne, wanda ke ja yana shaƙewa. Tas yake fita, kamar ranar da aka sayo shi. Na ƙirga, daƙiƙa ashirin, daidai yadda irinsa ke yi, ya tsaya. Na dubi Sale. Bakinsa a buɗe, ya riga ya juya gabas. Ya ɗaga kai ya ƙwala kira a turo kwanduna.

Aka jawo ni. Suka sassaro itatuwa suka tokare bangon, suka riƙa kwasa ta yamma suna barin gabas, don yashin ya zame daga kansa. Ana gab da magariba suka ga ƙafa. Yana zaune cikin kogon, gwiwa a ƙirji, wani falalen dutse ya tare mashi yashin. Da rai.

Da aka fito da shi an kwantar kan tabarma, na ga abin da ban gane ba. Mutumin da na gani a kasuwa kwanan nan da ƙarfinsa, idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun tsage har da busasshen jini. Aka ɗiga mashi ruwa. Abin da ya fara cewa, da wata murya kamar ana jan kara a ƙasa, shi ne, "An sauko Juma'a?"

Mai unguwa ya ce, "Iro, yau Talata. Da hantsin nan ka shiga."

Ya girgiza kai. "Kwanana uku."

Mutane suka ce buguwa ce, a bar shi ya huta. Aka samu mota aka kai shi Kurfi wurin malamin asibiti, na bi su don ta nan zan samu motar gida. Malamin ya ja fatar hannunsa ya saki, ta tsaya ba ta koma ba. Ya juyo ya tambayi Sale kwana nawa mutumin nan ya yi bai sha ruwa ba. Sale ya ce da safe sun sha kunu tare. Malamin ya yi tsaki, ya ce a daina yi mashi wasa da aiki.

Za a sa mashi ƙarin ruwa aka kwance agogon, aka miƙo mani. Na kai shi kusa da fitila na karkata. Lokaci daidai yake da nawa, ko minti bai sha ba. Alamar ƙararrawa babu ita, yadda na bar shi. Ɗan layin kuwa yana ƙarƙashin gida na shida, Juma'a. Na danna in ga kwanan wata. Shi ma ya ƙaru da uku.

Ku da kuka ce latse-latse ne, ku lissafa da ni. Kafin layin rana ya matsa haka, sai an danna nutsattsen maɓallin nan da tsinke an riƙe. Sai a wuce gida huɗu a ƙara wa kwanan wata uku, a wuce gaba a ƙara wa rana uku, ba a taɓa awa ba, ba a taɓa minti ba, sannan a fito. A cikin duhu, da yatsun Iro. Na yi shekaru ina gwada yadda yashi ko dutse zai yi wannan, na matse irinsa, na buga, na binne a bokiti. Ban samu ba.

Bayan kwana biyu, ranar Alhamis, na sayi lemo na tafi duba shi. An mai da shi gida, yana zaune a zaure ya jingina da bango. Na miƙa mashi agogon. Ya karkata shi ya ƙirga, layin na kan Lahadi.

"Ka ce ka kashe kukan."

"Na kashe."

"Sau huɗu ya yi. Da shi na ƙirga. In ya yi, in yi taimama da bango in yi azahar a zaune, sauran kuma in kintata. Na farko na yi ihu har murya ta tafi, ban ji kowa ba. Na biyu haka. Na uku ban iya ihun ba. Sai bayan na huɗu na ji dagi."

Na ce, "Ni sau ɗaya na ji."

"Wanne ciki?"

Ya miƙo mani agogon ya ce in mai da shi ranar da mutane suke. Na fiddo tsinke. Irin waɗannan ba su komawa baya, gaba kawai suke ƙirgawa. Don in rage kwana uku sai da na zagaye watan kusan duka, lamba bayan lamba, yana kallon hannuna. Na kawo layin kan Alhamis na ba shi. Ya ɗaura, ya daɗe yana dubansa.

"Mai agogo, in tambaye ka. Gobe Juma'a ko?"

"Gobe Juma'a."

"Na riga na yi azahar ɗinta a rami. Ta yau ma na yi, da ta jiya. Na tambayi liman ko in sake, ya ce in bi mutane in yi, ba laifi. Ina bi." Ya shafa gwiwarsa. "Amma tun da na fito, in ƙarfe biyu ta yi, sai in ji sanyin wurin a bayana. Sai in ga kamar har yanzu ina can ina jira, nan ɗin ne ban iso ba."

Na ce ya yi ta addu'a, zai wuce. Ya ce shi ma haka yake gani, in dai an wuce gobe.

Washegari ban buɗe tebur ba, na koma unguwar tasu na yi Juma'a a masallacin da suke zuwa. Sahu ɗaya muka tsaya da Iro, ni a damansa, Sale a hagunsa. Liman ya tayar da salla biyu saura kaɗan. Muna raka'a ta biyu na ji kafaɗarsa ta fara rawa a jikin tawa, rigarsa ta yi sanyi kamar an tsamo ta daga randa. Sale ya matso, ni ma na matsa, muka riƙe shi da kafaɗu har aka sallame. Agogon bai yi kuka ba. Da aka shafa, ya zauna yana numfashi, zufa ta keto mashi. Ya dubi hannunsa, ya dubi mutane suna neman takalmansu, ya dubi rana a bakin ƙofa.

Ya ce, "Sale, yunwa nike ji."

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana haƙar rijiya. Waccan dai aka cike ta, ba wanda ya yarda ya sake shiga, har shi.